Duwatsun Adar: Hanyoyin ƙafa, dajin da mata suka dasa da tekun da ya ƙafe

Da sanyin safiya a watan Disamba, ƙarar injinan ban ruwa ce ke fara tashin mutane a fadamar Tarka, wajen Karofane. Lokacin aikin albasa ne, kowa na cikin garkarsa. Wanda ya bar fadamar ya nufi wajen Buza ba ya daɗewa zai ji ƙasa ta sauya a ƙarƙashin takalminsa. Rairayi ya ƙare, tsakuwa baƙa-baƙa mai nauyi ta karɓe shi, hanya ta fara hawa. A can sama akwai fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, daga bakinsa kuma ana hango ƙauyuka da rumbunan laka a ƙasa, da layukan itatuwa da suka ratsa gonaki.

Wannan ita ce Adar Dutsi, ƙasar tuddai da kwaruruka da ta ratsa gundumomin Madawa da Buza da Keita a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Wasu tuddanta sun haura mita 700 daga matakin teku. Ruwan da take samu a shekara yana kai-komo tsakanin milimita 300 da 500, kuma kusan duka yana sauka ne cikin wata uku ko huɗu.

A 'yan shekarun nan matasan birane sun kama al'adar fita tattaki a ƙarshen mako. A Abuja ƙungiyoyi ne ke haɗuwa ranar Asabar su hau duwatsun da ke kewaye da birnin, a Jos ana zuwa duwatsun Shere, a Zariya akwai Kufena, a Yamai kuma tuddan da ke ƙetaren kogi. 'Yan Adar da ke zaune a Faransa ko Italiya sun saba ganin hanyoyin daji masu alamar fenti, waɗanda tsofaffi da yara ke bi da sanda da gorar ruwa. Da yawansu ba su taɓa kallon tudun da ke bayan gidan kakansu da irin wannan ido ba.

Dalilin a fili yake. A Adar, hawan dutse aiki ne. Mace ce ke hawa neman itace, yaro ke hawa da awaki, tsoho ke ratsawa da jaki ranar kasuwa domin ya yanke hanya. Hanyoyin suna nan, ƙafa ta daɗe da shata su, amma babu allo, babu alama, babu taswirar da baƙo zai riƙe. Abin da ke kan waɗannan hanyoyi kuwa ya isa a yi masa tattaki daga nesa, kuma wani ɓangare nasa yana lalacewa a hankali.

Daji ne, amma da hannu aka dasa shi

Wanda ya saba da kurmin kudu zai yi dariya idan aka nuna masa gangaren Keita aka ce daji ne. Ƙayoyi ne gajeru, bagaruwa da dakwara da kandili, sai aduwa da magarya nan da can, da sabara da geza da anza a kan fako. Da rani launinsu ɗaya da dutsen. Sai mutum ya matso sosai yake lura cewa a gangare da yawa itatuwan a jere suke, kowanne a bakin wani rami mai tsawo, ramukan kuma sun bi kwanciyar tudun layi bayan layi har sama.

Hotunan sama da aka ɗauka a farkon shekarun 1960 sun nuna tuddan Keita a lulluɓe da itatuwa. Zuwa 1984 kusan babu abin da ya rage. Farin 1973 da 1974 ya fara yi musu illa, gatari da kiwo suka ci gaba, sannan farin 1984 ya ƙarasa. Ita ce shekarar yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka. Da tuddai suka zama tsirara, ruwan sama ya daina tsayawa. Yakan gangaro da ƙarfi, ya yanka ƙoramu masu zurfi, ya cinye gonakin kwari, ya wuce ya bar rijiyoyi a bushe.

A wannan shekarar ta 1984, zamanin mulkin Janar Seyni Kountché, aka fara aikin da har yau mutanen yankin ke kira furojen Keita. Gwamnatin Italiya ce ta ba da kuɗi, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta jagoranci aikin tare da ma'aikatan Nijar, hukumar abinci ta duniya kuma ta kawo hatsi da man girki da ake biyan masu aiki da su. Wani Ba'italiye mai suna Renato Carucci shi ne babban mashawarcin aikin na tsawon shekaru.

Dabarar ba ta da sarƙaƙiya, wahala ce da ita. A kan gangare ana haƙa rami mai tsawon kimanin mita uku, faɗi da zurfi kusan santimita 60, a tara ƙasar da duwatsun a bakinsa ta gefen ƙasa, a dasa itace. Idan ruwa ya gangaro sai ya faɗa ramin ya tsaya, maimakon ya tafi da ƙasa. A kan fakon sama ana yin doguwar ganuwa ta ƙasa a lulluɓe ta da duwatsu. A cikin ƙoramu kuma ana gina shingayen duwatsu da aka ɗaure cikin ragar waya domin su rage wa ruwa gudu. Motocin tona ƙasa sun taimaka a kan fili, amma a gangaren da mota ba ta iya hawa, diga da shebur da kai ne suka yi aikin.

Su wa suka yi? Mata. Jihar Tawa ta daɗe da yin suna wajen tafiya bida, kuma a shekarun yunwa maza majiya ƙarfi sun watse zuwa Abidjan da Kamaru da Libiya da biranen Najeriya. Matan da aka bari a gida da 'ya'ya su ne mafi rinjayen waɗanda suka fasa dutse suka ɗauko shi a ka, suka haƙa ramukan, suka yi dakon ruwan shayar da dashe. Alƙaluman aikin sun nuna cewa daga 1984 zuwa 2003 an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an kuma farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000. Daga baya an faɗaɗa aikin ya shiga Buza da Abalak.

Saurayin da aka haifa a Abidjan ko Kano, wanda iyayensa 'yan Tamaske ko Garhanga ko Ibohamane ne, idan ya hau ɗaya daga waɗannan gangare, ba mamaki ramin da ya tsallake kakarsa ce ta haƙa shi da goyo a bayanta. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

A kwarin Majiya, wajen Buza, labarin ya ma riga na Keita. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogonyaro, wanda a nan ake kira bedi, layi bibbiyu a tsakiyar gonaki, da tazarar kusan mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, domin karya ƙarfin iskar da ke binne shukar gero da dawa. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, kuma su ne ake hangowa daga saman tudu kamar an ja su da zare. A Karofane kanta akwai dajin gwamnati da aka keɓe tun zamanin Turawan mulkin mallaka, a shekarun 1950.

Sai dai daji irin wannan ba ya riƙe kansa. Ramukan na cikewa da ƙasa, ganuwar na tsagewa idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ragar waya na tsatsa. A zamanin furoje akwai wanda ke zagayawa, akwai abincin da za a biya masu gyara. Bayan an naɗe tabarmar aikin, nauyin ya koma kan ƙauyuka da ƙananan hukumomin da kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba. A gefe guda jama'a na ƙaruwa, kuma kusan kowane gida da itace yake girki. Ba a iya zargin matar da ta sare reshe domin ta dafa tuwo, amma gatarin nata yana sauka ne a kan abin da uwarta ta dasa.

Ruwan da ke tsayawa, da wanda ke wucewa

Tafkunan Adar ba irin na ƙasashen sanyi ba ne da ke cike shekara da shekaru. Yawancinsu damina ke cika su, rani ya shanye. Wasu ƙananan madatsu ne da aka gina domin tare ruwan ƙorama, irin na Ibohamane da ke gundumar Keita, wanda ya girmi furojen, da waɗanda furojen ya ƙara daga baya. A watannin Oktoba zuwa Janairu, mai tattakin da ya sauko daga fako mai zafi yakan yi kiciɓis da ruwa shimfiɗe a gindin tudu, shanu da raƙuma na sha a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma manoma na bin laimar da ruwan ya bari suna shuka wake da tumatir da dankali.

Manyan biyu suna wajen gundumomin uku, amma cikin jihar. Tafkin Tabalak yana kan hanyar Tawa zuwa Agadas, shi kuma na Dan Dutsi yana can yamma. Shi Dan Dutsi a 1974 ya cika ya zama tafki na dindindin, bayan ruwa mai yawa da aka samu a ƙarshen fari. A 2005 aka sanya su duka biyu cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, musamman saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a bakinsu. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa a ciki.

Babbar barazanar waɗannan ruwaye daga sama take zuwa. Duk ƙasar da ruwa ya kankaro daga tudun da ba shi da itace, a ƙasan tafki ko madatsa take kwanciya. Shekara bayan shekara zurfin na raguwa, har madatsar da a da ke riƙe ruwa zuwa bazara ta koma ƙafewa tun sanyi bai fita ba. Ramin da ya cike a gangaren Keita da tafkin da ya cike a kwari matsala ɗaya ce, kuma mai tafiya a ƙafa yana iya ganin farkonta da ƙarshenta cikin yini guda.

Abin bai tsaya a Nijar ba. Majiya na gangarawa kudu maso yamma, ta cika madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani na Birnin Ƙonni, sannan ta ƙare a tafkin Kalmalo da ke Illela a jihar Sakkwato. Tarka ma Najeriya take shiga, ta haɗu da ruwan Rima.

Halittun teku a kan dutse

A gefen tuddai da dama, ƙasa da baƙin dutsen da ya rufe samansu, akwai wani fari-farin layi da ke bin gangaren kamar ɗamara. Farar ƙasa ce. Wanda ya tsuguna ya duba tsakuwar da ta zubo daga wannan layi zai iya tsintar dutse mai siffar katantanwa, ko mai kama da ƙumba, ko wani dunƙulalle kamar ƙaramin ƙwallo da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Duka burbushin halittun teku ne, a wurin da yanzu teku mafi kusa ke da nisan kusan kilomita dubu.

Masana ilimin duwatsu sun ce tsakanin shekaru miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya sha malalowa daga arewa ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe ƙasar Tawa da Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa. Ƙwanson halittun da suka rayu a cikinsa ne ya taru ya zama farar ƙasar. A Nijar masanan na kiran wannan shimfiɗa da sunan ƙauyen Garadawa, a Najeriya kuma da sunan Kalambaina. Dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke fasawa da wanda ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, asalinsu ɗaya. Wato benayen Yamai da na Sakkwato da ƙasan wancan teku ake gina su.

Turawa sun lura da wannan tun zuwansu. A 1903 masanin Faransa Albert de Lapparent ya gabatar da bayani a Paris kan burbushin da wani hafsan soja, Kyaftin Gaden, ya tsinto a Tamaske, yana kafa hujja da su cewa teku ya taɓa kaiwa tsakiyar ƙasar Sudan ta wancan zamani. Shekara guda bayan haka aka yi bayanin wasu a Ingila, waɗanda jami'an tawagar shata iyaka suka kwaso daga wajen Garadume. Samfuran suna gidajen tarihi na Turai.

A shimfiɗun da suka fi farar ƙasar tsufa an samu manyan dabbobi. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa suna Igdamanosaurus, daga Igdaman da ke kusa da Kao a arewacin Tawa. Ɗan'uwansa da aka tono a Najeriya sunansa Goronyosaurus, daga Goronyo, akwai kuma wani kada da ake kira Sokotosuchus. A In Beceten, cikin jihar ta Tawa, an tono ƙasusuwan kadoji da kunkuru da kifaye da na dabbobin nan da ake kira dinoso. Ɗalibin sakandare a Madawa zai iya gama karatunsa bai taɓa jin cewa akwai dabbobin da duniyar kimiyya ke kira da sunayen garuruwan maƙwabtansa ba.

Idan ana maganar irin wannan arziki a Nijar, hankali Agadas yake tafiya, zuwa Gadufawa da Gobero da ƙasusuwan da ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Hakan ba laifi ba ne, abin da ke can ya fi girma. Amma zuwa Gadufawa sai da motocin hamada da rakiya da kuɗi mai yawa. Na Adar kuwa a bakin hanya yake, malamin makaranta zai iya kai ajinsa da ƙafa ya dawo kafin azahar.

A nan akwai abin tsoro. Ranar da wurin ya yi suna, masu tsinta su cika aljihu za su biyo baya. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, wadda ta hana tono da fitar da irin waɗannan abubuwa ba da izini ba, sai dai doka a takarda ba ta gadin gangare. Ƙa'idar da masu tattaki ke bi a wasu ƙasashe ita ce a ɗauki hoto a mayar da dutsen inda aka same shi, kuma gara a fara da ita tun mutane ba su yi yawa ba.

Kufai da kashin maƙera

Baƙin dutsen da ke saman tuddan shi ma yana da labari. Tama ce a cikinsa. Maƙeran Adar sun yi ƙarnuka suna narka ta a cikin rahoniyar laka domin su fitar da ƙarfen fartanya da gatari da mashi, kafin ƙarfen mota da na jirgin ƙasa ya kashe sana'ar. Wata masaniyar Faransa, Nicole Echard, ta zauna da su a shekarun 1960, har ta ɗauki fim ɗin yadda ake narkar. Abin da ya rage a daji yanzu shi ne tarin kashin maƙera, baƙi mai ƙyalli da ramuka-ramuka, wanda mai wucewa zai ɗauka tsakuwa ce kawai.

Tarihin baka na yankin, wanda Farfesa Djibo Hamani ya tattara a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, yana ambaton Aznan ramu, mutanen farko da aka ce a kogunan duwatsu suka zauna. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar daga ikon Kabi, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela ta Nijar. A zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren ƙarni na 19 tuddan sun zama mafaka, shi ya sa ake cin karo da kufai a wuraren da yau babu mai tunanin gina gida: da'irar duwatsu, fasassun tukwane, dutsen niƙa da ya lotsa.

Wasu daga cikin waɗannan wurare har yanzu suna da masu su. Akwai dutse ko kogo ko itacen da wani dangi ke girmamawa tun kaka da kakanni, ko da kuwa yau duk Musulmi ne. Baƙon da ya kutsa da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo bai tambayi kowa ba, zai iya ɓata abin da gaisuwa ɗaya a ƙofar maigari za ta gyara.

Me ya rage?

Shata hanyar tattaki ba ya cin kuɗi kamar gina otal. A Faransa tun 1947 ake shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa domin nuna hanya, kuma 'yan sa-kai ne ke sabunta shi. Misalin da ya fi kusa da yanayin Adar shi ne na Jodan, ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwa, inda aka haɗa tsofaffin hanyoyin makiyaya da fatake aka yi hanya ɗaya mai tsawon fiye da kilomita 650, daga Umm Qais zuwa Aqaba. Masu bin ta a ƙauyuka suke kwana, a nan suke cin abinci, 'yan ƙauyen ne kuma ke yi musu jagora, don haka kuɗin a hannunsu yake faɗawa.

A Adar ƙashin bayan yana nan. Hanyar mota ta tashi daga Madawa ta bi Buza da Keita da Tamaske ta faɗa Tawa, ƙauyuka kuma ba su da nisa da juna, ta yadda za a iya tsara tafiyar sa'a uku ko huɗu daga wannan kasuwa zuwa waccan. Makiyayan da suka san kowace ƙorama su ne jagororin da ba sa buƙatar horo mai tsawo. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, kafin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Da damina kuwa ƙorama busasshiya na iya cika cikin 'yan mintoci da ruwan da aka yi a wani wuri can sama. Takalmi mai rufi dole ne saboda ƙaya da tsakuwa da kububuwa, ruwan sha kuma a ɗauki fiye da yadda ake zato.

Babban cikas shi ne tsaro, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia da ke arewa maso yammacin jihar. Ta kudu, a bakin iyaka da Sakkwato, yankin Bangi na gundumar Madawa ya sha fama da masu satar mutane da shanu, ya kuma karɓi 'yan gudun hijira daga Najeriya. Tun bayan kisan mutum takwas a Kure cikin Agustan 2020, shida daga cikinsu Faransawa, yawon buɗe idon Turawa a Nijar ya durƙushe, bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma abin ya ƙara ja baya. Tsakiyar Adar ba ta ga irin abin da iyakokin suka gani ba, amma duk mai shirin fita sai ya fara jin ta bakin hukumomin gari da sarakunan gargajiya, ya kuma haƙura da kwana a daji.

Wannan na nufin duk wanda ke jiran Bature mai jakar goyo ya zo ya buɗe harkar zai daɗe yana jira. Idan za a yi, 'yan ƙasa ne za su yi: ɗaliban jami'ar Tawa, ma'aikatan da ke dawowa hutu daga Yamai, 'yan kasuwar Ƙonni da Maraɗi, da ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa da ke ƙasashen waje, waɗanda dama sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji ko rijiya a gida. Gwangwanin fenti da ladan jagora da ɗan abin da za a ba masu gyaran ganuwa bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Ba zai maye gurbin furoje ba, kuma wanda ya ce tattaki zai ciyar da Adar ya faɗi son ransa. Amfaninsa na kusa shi ne a samu idanun da ke zagayawa a kai a kai, masu waya da murya, da za su ga inda ganuwa ta tsage tun ɓarakar tana taku biyu.

Akwai kuma matsalar kalanda. Samarin Adar na dawowa gida ne a watan Mayu da Yuni domin shuka, lokacin da zafi da hadari ba sa barin kowa ya hau tudu don nishaɗi. Da an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, a daidai makonnin da iska ke sanyi, tafkuna ke cike, tsuntsaye ke sauka, sai tashoshin Madawa da Tawa su cika da masu jakunkuna, motocin Agadas da na kudu na lodi tun asuba.